Ƙofar Ruwan da Na Toshe a Lome

A Kwatano Oga Felix ya karɓi wayoyinmu. Ya ce layin Najeriya ba ya aiki daga nan, bari ya je ya sa mana na ƙasar, mu jira shi a inuwar tasha kada mu motsa. Mu huɗu ne, duka birkiloli daga Kaduna, shi kuma shi ne ya yi mana alkawarin aikin gina gidaje a Abijan. Muka zauna a kan jakunkunanmu har inuwar ta bar mu ta koma wancan gefen. Da la'asar Terna, wani Tibi da muka taho tare, ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "Ishaku, oga don waka, ya gudu ya bar mu. Tashi mu san inda muke."

Su ukun suka yanke shawarar komawa gida. Ni na kasa.

Damunar da ta wuce, kogin Kaduna ya tafi da matata Rifkatu. Gidanmu yana ƙasan Barnawa, inda layi yake gangarawa har ya ƙare a bakin ruwa. Ranar ko yayyafi ba a yi a gari ba. Can sama wajen duwatsu aka yi ruwan, shi kuma ya iso mana da hantsi, babu sallama. Ta sauka lambu ta kwance awakinmu. Awakin sun hauro. Ita sai daga baya aka same ta, ƙasa da gada. Iyakar abin da zan iya faɗa a kan wannan ke nan.

Na bar 'yata Naomi da kakarta, Mama Laraba mahaifiyar Rifkatu, a wannan gidan dai, don ba mu da wani. Karatuna bai wuce firamare ba, sauran ilimina a cokalin gini yake. Abin da na sani game da ruwa shi ne a tare shi. Na fito ne in samo abin da zan ɗaga katangar gidan, in ɗaga dokin ƙofa, in cika tsakar gida kafin wata damunar. Da wane ido zan koma in kalli Mama hannu rabbana?

Na yi kwanaki a tashar. Ina taya masu lodi ɗaukar kaya, su ba ni abin da zan sayi burodi. Abin da ya fi yunwa damuna shi ne rashin waya. Wata mai sayar da kunu ta ga halin da nake ciki ta miƙo mini tata, ta yi mini alama in kira gida. Na riƙe wayar na tsaya. Lamba ɗaya kaɗai na haddace a rayuwata, ta Rifkatu. Na mayar mata, na yi godiya.

Wata safiya na ji ana faɗa da Hausa a bayan wata tirelar albasa. Direba ne yake yi wa yaransa faɗa a kan igiya. Ban san lokacin da na ƙarasa na kama bakin igiyar na ja ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai kuma daga ina?"

"Kaduna, Malam. Ni Kirista ne, ɗan kudancin jihar. An yashe ni ne a nan."

"Wa ya tambaye ka addini? Lome za ni. In kana iya zama a kan albasa, hau."

Malam Hamza ke nan, mutumin Ƙonni. Na isa Lome ina warin albasa har cikin gashina. Ya kai ni Zango, unguwar Hausawa, wajen wani dattijo mai saukar da baƙi, Alhaji Mamman, wanda ya ba ni tabarma a zaure, ranar Lahadi kuma ya sa aka nuna mini hanyar coci. Da ya ji zancen waya sai ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ya kira wani mai shago a Kakuri, can Kaduna, da suke cinikin goro, mai shagon ya tura ɗan keke Barnawa, ɗan keken ya bi coci-coci yana tambayar gidan birkilan da ruwa ya ci matarsa. Kafin yamma wayar Alhaji ta yi ƙara.

"Baban Naomi!" Muryar Mama ce. "Mun ɗauka teku ka faɗa. Wane irin mutum ne kai?"

Na ba ta haƙuri. Sai ta miƙa wa Naomi. Na shirya maganganu da yawa, amma ita ta riga ni. "Baba, ka ci abinci?" Na ce na ci. Na juya wa Alhaji baya har muka gama.

Alhaji ne ya haɗa ni da Malam Idrisu, mai kula da leburori a wani aiki na hukumar birni. Mutumin arewacin Togo ne, Hausarsa tana da wani lanƙwasa kamar waƙa. Tun ranar farko ya ajiye sunana gefe ya koma kirana Kaduna. Ya ba ni bulo biyar ya ce in jera. Na jera. Ya sa ido a kai ya ce, "To, Kaduna, gobe da sassafe."

Wurin aikin wani ƙaton fili ne a tsakiyar unguwa, an haƙe shi kamar kwano, ya yi ƙasa da titi sosai. An yi masa matakala, an kafa ragar ƙwallo, an zagaye shi da gajeriyar katanga. Ni a matakala aka sa ni. Ba na jin Faransanci, ba na jin yaren mutanen garin, Malam Idrisu kuma yana da wurare da yawa da yake zagayawa, don haka ba wanda ya zauna ya yi mini bayani. A raina na ce mutanen nan suna son ƙwallo, amma wanda ya zaɓa musu rami bai taɓa ganin damuna ba.

A bakin titin da ya fi gangara akwai rumfar wata mata mai abinci, Maman Afi. Tuwon masara take yi da miyar kifi. Ba mu da kalma ɗaya da muka yi tarayya a kai. Nakan nuna tukunya, ta zuba, in ta ga na rame ta ƙara kan kifi ta harare ni. Dab da rumfarta katangar filin tana da wata faffaɗar ƙofa a ƙasa, an gitta mata ƙarafa. Kullum in ina cin abinci idona yana kanta. Duk ruwan titin nan ta nan zai bi ya cika filin da muke ta wahala a kai. Na ɗauka mantawa aka yi.

Wata Asabar aka tashi aiki da azahar. Hadari ya haɗu ta wajen teku, baƙi ƙirin. Kowa ya wanke hannu ya tafi, ni kuma ina da ragowar kwaɓin siminti a kwanon sarki. Tun ina yaron birkila aka koya mini abu biyu: ba a barin kwaɓi ya mutu, ba a kuma barin rami yana kallon ruwa. A layinmu na Barnawa duk shekara kafin ruwa ya sauka haka muke yi, wannan ya ƙara jeren bulo a ƙofarsa, wancan ya toshe lungunsa, wanda ya fi ƙarfi ya ɗaga gabansa ya fi na maƙwabci. Na ɗauko bulo na toshe ƙofar tsaf, na shafe ta. Na tafi gida ina jin na yi wa mutanen da suka taimake ni alheri.

Ranar Lahadi muna cikin sujada ruwa ya kece. Da aka tashi na ce bari in biya in ga aikina. Tun daga nesa na ji hayaniya. Titin ya zama tafki. Ruwa ya kai gwiwa a rumfar Maman Afi, gawayinta yana yawo, buhun garinta ya jiƙe, tana tsaye a kan benci tana ihu. Ya fara leƙa ƙofofin gidajen da ke bayanta. Filin kuwa na leƙa, kusan a bushe. Samari sun shiga ruwa da guduma suna dukan bulon da na jera. Aikin ya yi kyau, abin da ya fi ba ni kunya ke nan, da ƙyar ya fashe. Na karɓi gudumar daga hannun ɗaya, don na san inda zan buga.

Da ƙofar ta buɗe, ruwan ya juya gaba ɗaya ya kwarara cikin filin da ƙara kamar injin niƙa. Ina tsaye ina kallo titi ya janye, ƙofofin gidaje suka fito, ragar ƙwallo ta nutse har rabi. Yara suna tafi. Sai a lokacin na gane cewa ramin da nake raina wa wayo, don ruwa aka haƙa shi. 'Yan ƙwallo aron filin kawai suke yi da rani.

Litinin aka tara mu gaban injiniyar aikin, wata mace mai ƙaramin jiki da takalmin roba. Kafin ta gama tambaya na ɗaga hannu. Malam Idrisu ya dafe kai.

"Kaduna! Kai ne? Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Na ga rami ne."

Ya fassara mata. Ta yi magana mai tsawo, ya juyo. "Ta ce a garinku haka kuke yi?"

"Haka muke yi. Kowa ya tare ƙofarsa."

"Ta ce in kowa ya tare, ina ruwan yake zuwa?"

Ban taɓa tsayawa na bi shi da tunani ba. Na ce, "Gidan wanda ba shi da bulo."

Ba ta yi dariya ba. Malam Idrisu ya ƙara mata wata magana a hankali, ban ji ba amma na san ko ta mece ce, don Alhaji ya ba shi labarina. Ta dube ni na ɗan lokaci. Na riga na sa rai kora ce. Sai ta yanke cewa in gyara ƙofar yadda take, in gyara wa Maman Afi rumfarta da hannuna bayan an tashi aiki, sannan Malam Idrisu ya ɗauke ni ya bi da ni hanyar ruwan tun daga farko har ƙarshe, kada in sake ganin wani rami.

Maman Afi ta zage ni da yarenta tun ina kwaɓa siminti har na gama ɗaga mata wurin murhu. Ban ji ko kalma ba, amma na fahimci duka. Da na gama ta zuba mini tuwo, ta cika miyar da barkono, ta tsaya a kaina sai da na cinye ina hawaye. Daga nan magana ta ƙare.

Malam Idrisu ya goya ni a babur muka bi hanyar. Ya nuna mini yadda ƙananan kwatoci suke zubawa a manya, manyan su kai filaye irin namu, filayen su riƙe ruwan sai an ɗauke sannan a sake shi a hankali ya gangara. Ya ce ruwan yanzu ba irin na lokacin iyayensu ba ne, na wata guda yana iya sauka a yini ɗaya, don haka masu tsara birnin suka daina tunanin za su hana shi zuwa. "Baƙon da ba ya fasa zuwa, Kaduna, gara ka ware masa ɗaki. In ba haka ba shi zai zaɓa, kuma ɗakin maigida yake so." Ya nuna mini inda aka hana gini, har da wuraren da aka tashi mutane, ya ce ba duka ne suka ji daɗi ba, wasu har yau suna ƙorafi. Ba komai ne ya kammalu ba, akwai unguwannin da har yanzu suke nutsewa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai wani ƙarfe ne da aka kafa a bakin wata babbar kwata, an shafa masa fenti kala uku, kore a ƙasa, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja a sama. Akwai mutumin unguwa da aikinsa shi ne ya duba shi. In ruwa ya taɓa na tsakiya, a ɗaure kaya. In ya taɓa ja, a busa usur, kowa ya hau makarantar da ke kan tudu. Bayan 'yan makonni na ga sun gwada da idona, rana tsaka, sama fes. Aka busa usur, mutane suka fito da ƙullin kaya suna raha, samari suka goya tsofaffi a babur. Na ce wa Malam Idrisu wannan wane irin wasa ne. Ya ce, "Ranar da ruwa ya zo ba ranar koyon hanya ba ce." Na zagaya bayan ɗakin siminti na zauna har suka gama.

A daren farko da na samu waya tawa ta kaina, ban yi wa Mama zancen katanga ba. Na ce ina so in an ce su hau, su hau cocinmu da ke saman layi.

"In bar gidan wa? Ɓarayi?"

"Mama, kaya ne."

"Kai da ka ce za ka ɗaga mana katanga, yanzu gudu kake koya mana? Abin da ka je ƙasar waje ka koyo ke nan?"

"Shi ne, Mama."

Ta yi tsaki ta kashe. Sai na nemi Baba Audu, maƙwabcinmu, wanda ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta, yanzu kullum yana bakin kogi da fatsa. Ya saurare ni har ƙarshe sannan ya ce, "Birkila, wato fenti ne zai tare kogi?"

"Ba zai tare ba, Baba. Zai dai gaya mana lokacin tashi."

"To ai ni ma ina gani da idona."

"Kana gani, amma kai kaɗai kake gani."

Baba Audu ne ya shiga kwale-kwale neman Rifkatu a bara. Ya ce in turo kuɗin fenti.

Ya shafa wa turken wutar lantarki na ƙarshen layi kala uku, jan a ƙasa da inda ruwan bara ya bar zane. Fasto ya yarda a buga tsohon ƙarfen tayar motar da muke kiran sujada da shi, bugu mara tsayawa, don a bambance. Maƙwabtanmu Musulmi na bayan layi suka ce za su sanar a lasifikar masallaci. Bitrus, ƙanin Rifkatu da ke noma can sama da gari kusa da kogin, ya ɗauki alkawarin kira in ya ga ruwa ya canja. Ban san ko ofisoshin garinmu suna da irin wannan tsari ba. Wataƙila suna da shi. Mu dai da abin da ke hannunmu muka yi.

Ranar da suka gwada, Mama ta zauna a kujerarta ta ce ba za ta yi gudun ruwan ƙarya ba, ta tsufa da wasan yara. Matan zumuntar coci suka tsaya a ƙofarta da ganga suna waƙa har kunya ta sa ta miƙe. Naomi ce ta ba ni labari tana dariya. Na ce mata, "Ki ji da kyau. In an buga, hannun Mama kawai za ki riƙe. Duk abin da aka manta, an manta." Ta daina dariyar ta ce, "Na sani, Baba."

A ƙarshen damuna abin ya zo. Ina kan aikin wata kwata da hantsi wayata ta yi ƙara. Baba Audu ne, numfashinsa sama-sama. "Birkila, Bitrus ya kira tun safe. Yanzu ya taɓa ja. Ga ƙarfe nan ana bugawa." Na ji ƙarar a bayansa. Sai layin ya yanke.

Na kira, bai shiga ba. Na kira Mama, na kira Fasto, babu. Na koma na ɗauki cokali don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Bulon farko ya karkace, na biyu ma haka. Malam Idrisu ya zo ya zare cokalin daga hannuna, ya zaunar da ni a kan buhun siminti, shi ma ya zauna. Bai ce mini kada in damu ba. Ya dai ciro carbinsa, ni kuma na yi tawa addu'ar, wadda ba ta wuce suna ɗaya ba, Naomi.

Rana ta karkata kafin wayar ta sake ƙara. Baƙuwar lamba. Na ɗauka na ji hayaniyar mutane da kukan jarirai.

"Baba, ni ce. Muna coci. Duk muna nan."

Naomi ta ce, "Baba, kana ji? Kowa da kowa. Fasto ya kira gida-gida, ba wanda ya rage." Sai na ji Mama ta fizge wayar.

"Baban Naomi, ka ga abin da ka jawo? A baro suka turo ni, kamar buhun masara, layi duka yana kallo! Wakena yana kan wuta na bari."

"Sannu, Mama."

"Ruwa ya kai taga. Audu ya ce katangar baya ta kwanta." Na ji tana jan hanci. Da ta sake magana muryarta ta sauka. "Yarinyar nan ba ta saki hannuna ba har muka hau. Ka dawo ka nema mana ɗaki a sama, ko na haya ne. Na gaji da kallon kogin nan."

Maman Afi ta hango ni zaune a ƙasa fuskata a cikin hula, ta taho da gudu ta ɗauka mutuwa aka yi. Malam Idrisu ya yi mata bayani. Ta ɗaga hannu sama ta yi guɗa, sannan ta ɗaka mini duka a kafaɗa, wai don na tsorata ta.

Na ƙarasa aikin da aka ɗauke ni, na dawo kafin Kirsimeti. Yanzu muna haya a Mahuta, ɗaki biyu, nesa da ruwa. Tsohon gidan ban sake ɗora masa bulo ba. Na kwashe kwanon rufin da ƙofofin, na bar filin. Da rani Mama takan sa Naomi ta raka ta su shuka kuɓewa a inda ɗakinmu yake da. Ni ban cika sauka ba tukuna. Amma duk shekara kafin ruwan fari nakan sayi fenti in kai wa Baba Audu har bakin layi, ya karɓa yana mita cewa na sake sayo ja mai arha.